Rasuwar Sarkin Yaƙi a Ƙarƙashin Bargo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fuskar da har yau ta kasa ɗagowa a kan titi, ni Malam Matta Bitrus, malamin lissafi a nan Malumfashi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na kusa da na nesa rasuwar abokin zamana, injin nan mai ƙwaƙwalwa da Turawa ke kira kwamfuta, wanda mu a unguwarmu muka sani da Sarkin Yaƙi. Ya cika ne wata Asabar cikin daminar bana ta 1988, da rana tsaka, a kan gadona, a ƙarƙashin barguna biyu, a gaban taron shaidun da ban taɓa roƙon Allah ya tara mini ba.

Da shi kaɗai ya tafi, da na yi kukana a ɗaka na share hawayena. To, bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da mutuncin matata Liatu a idon mahaifinta, Baba Atu, kuma tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar gidan da aka haife ta ba. Shi ya sa na ga bai dace a binne shi a ɓoye ba. Labarin ma ya riga ni fita gari. An ba ni shi a tashar motar Funtua, an zuba masa gishiri har ya yi yawa, mai ba ni kuwa bai san da ni ake ba. Sai da ya dafa kafaɗata ya ce in yi dariya mana.

An haifi marigayi a ƙasar Turawa. Ya shigo ƙasar nan cikin kwali, tare da wani Bature ma'aikacin gona da ya zauna a Funtua yana lissafin taki da iri da shi. Ni na koya wa Baturen Hausa, iyakar abin da kansa ya iya ɗauka, da zai koma gida sai ya bar mini injin a matsayin tukuici, haɗe da wata 'yar talabijin marar kala da ake ganin aikinsa a cikinta, da akwatin sa faifai, da wasu baƙaƙen fayafai masu laushi. A gaban akori-kura na ɗauko shi, na rungume shi a cinya tun daga Funtua, duk ramin da muka faɗa ina yi wa direba tsawa. Na gaya wa Liatu cewa na aikin makaranta ne, kuma Allah ya sani da wannan niyyar na shigo da shi gida.

Niyyar ba ta yi mako ba. A cikin fayafan nan na tarar da wani na wasan yaƙi. Taswirar wata ƙasa ce da babu ita a duniya take fitowa, da koguna da duwatsu da birane. Ka gina birni, ka tara sojoji, ka tura su inda ka ga dama, sannan ka danna maɓalli ka ce ka gama. Daga nan sai shi ma ya motsa nasa sojojin. Yi in yi ne, irin na dara, sai dai abokin wasanka ba ya cin goro. Maƙwabcina Mudi, mai sayar da taki a kasuwa, shi ya leƙo wata rana ya ga yadda ya tarwatsa mini runduna a bakin wani kogi, ya ce lallai wannan Sarkin Yaƙi ne. Sunan ya bi shi har kabari.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaide shi da halaye na gari. Bai taɓa yin maguɗi ba. Na yi dara da manyan mutanen garin nan, masu gemu da masu muƙami a coci da masallaci, kuma na san abin da ke faruwa da ɗan dara idan mutum ya juya ya amsa gaisuwa. Sarkin Yaƙi ko ka bar shi ka tafi bayan gida, yadda ka bar sojojinka haka za ka tarar da su. Idan ya ci ka ba ya yi maka dariya, ba ya kai labarinka majalisa. Idan ka ci shi ba ya cewa rana ce ta shiga masa ido. Bai taɓa roƙona aron keke ba. Maganarsa kaɗan ce, kuma duk na haddace ta. In an tashe shi ya ce "tiit". In yana karanta faifai ya ce "ƙirr, ƙirr, ƙas". In ya gama nazari ya ce "tiit tiit", wato ga filin nan, Malam, naka ne.

A ƙuruciyarsa, wato farkon kowane yaƙi, ba a kai shi sauri. Kafin in kai kofin koko bakina ya gama motsinsa yana jirana. Har tausayinsa nake ji, ganin yadda ni mai takardar shaida nake ɓata masa lokaci.

Ciwon da ya yi ajalinsa ya faro ne a hankali, kuma cin nasara ce ta kawo shi. Tun da rani na buɗe wani babban yaƙi a kan taswira mafi faɗi, na rantse ba zan bar shi ba sai na ga ƙarshensa. Birane suka yi ta ƙaruwa, nawa da nasa. Sojoji suka cika ƙasa, jiragen ruwa suka cika teku. Shi kuwa bawan Allah ba ya motsa soja ɗaya sai ya auna duk inda zai iya taka ƙafa, da duk abin da zan iya yi masa in ya taka. Ƙwaƙwalwar tasa kuma 'yar mitsitsiya ce, an yi ta ne don lissafin buhunan taki. Nazarin da yake yi kafin a kurɓi koko ya koma na tsawon shan kwano guda. Daga nan ya kai in yi aski in yi wanka in dawo bai gama ba. Da ruwa ya sauka, sai Liatu ta ɗora wake ta sauke, shi yana nan yana ƙifta 'yar jar fitilarsa, da wata kalmar Turanci a ƙasan talabijin mai nufin a dakata.

Na kai kukana ga Maharazu, mai gyaran rediyo a Funtua, wanda shi ne likitan marigayi tun zuwansa hannuna. Ya zo ya taɓa bayansa, ya janye hannu da sauri. "Malam, kaya ne ka ɗora mashi fiye da ƙarfinshi," in ji shi. "Ka rage sojojin nan, ko ka sake wani yaƙin ƙarami. Kuma ka bar mashi ƙofofin iskar nan a buɗe, da su yake numfashi." Na ɗora shi a kan duwatsu huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, na karkato masa fankar ɗaki, ni ina gumi shi yana shan iska. Maganar rage sojoji kuwa na bar ta a inda Maharazu ya ajiye ta. Wa zai sallami runduna alhali birni ɗaya tak ya rage wa abokin gaba?

Akwai wata ɗabi'a ta marigayi da ya kamata masu ta'aziyya su sani, don a kanta komai ya rataya. Ba ya yarda a adana yaƙi a faifai sai lokacin da wasa yake hannunka. Idan yana cikin nazarinsa aka kashe shi, ko wuta ta ɗauke, duk abin da aka yi tun adanawar baya ya bi ruwa. Saboda haka in ya fara tunani sai a zauna a yi gadinsa, ana kallon ƙwan lantarki ana addu'a.

A wajenmu, kowace damina mijin ɗiya yakan tara abokansa a yi wa surukinsa gayya, kuma shi ne a gaba, shi ke fara sa fartanya a ƙasa. Bana maimai za a yi wa dawar Baba Atu, a gonarsa ta bakin hanyar Funtua. Ni da kaina na bi gida gida na raba goron gayyar. Na kira matasan coci, na kira Mudi da ƙannensa, na ɗauko makaɗin gangar noma daga Maska. Liatu ta yini ranar Juma'a tana jiƙon gero da surfen masara.

Ranar Asabar na tashi da sassafe, na sa tsohon wandona na gona da takalmin roba, na jingina fartanya a bakin ƙofa. Liatu tana kicin tana dama kunu. Sai na ce bari in yi motsi ɗaya kafin kunun ya huce. Na jera dukan rundunata a ƙofar birninsa na ƙarshe, jeri mai kyau wanda ban taɓa yin irinsa ba, kuma don zumuɗi na danna maɓallin gamawa ban adana ba. Sarkin Yaƙi ya ce "ƙirr, ƙas", ya shiga nazari.

Masu gayya suka biyo ta ƙofar gida, na leƙa ta taga na ce su yi gaba ina tafe. Liatu ta ɗauki kunu da dambu tare da matan unguwa, ta tsaya a bakin ɗaki da ƙwarya a ka. "Baban Susana, ka tashi mana. Baba fa tun asuba yake gona." Na ce mata yanzun nan zai gama, kafin su kai kwalbati na cim musu. Ta dube ni, ta dubi jar fitilar, ta fita.

Rana ta ɗaga. Ina jin gangar noma daga nesa in iska ta juyo. Na miƙe na ɗauki fartanya ya fi a ƙirga, in kai tsakar gida sai in ji kamar ya ce "tiit", in dawo da gudu in tarar ba shi ba ne, kaza ce ko ƙyauren maƙwabta. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Turanci. Na yi masa fifita da littafin darasi. Duk lokacin da na ce in tafi in bar shi, sai zuciyata ta ce ai wanda ya jira tun safe bai kamata ya tashi saura ƙiris ba. Wanda bai taɓa zama a gaban irin wannan inji ba zai ce hauka ne, kuma ba zan yi masa musu ba.

Can a gona, da aka zauna shan kunu, Baba Atu ya tambayi ɗiyarsa a gaban mutane ina mai gayyar yake. Liatu ba ta taɓa yi wa mahaifinta ƙarya ba, duk garin nan an san haka. Ranar ta yi, don ta rufa mini asiri. Ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Baba Atu dattijon ikilisiya ne da ba a taɓa kwanciya ciwo a unguwa bai je dubiya ba, sai ya ce to a dakata da ɗan yankin da ya rage ta bakin hanya, a tafi gaba ɗaya a gaida Malam.

Liatu ta yanko ta bayan gari ta riga su isowa, tana haki, ɗankwalinta a hannu. "Kwanta! Ga su nan tafe, na ce ba ka da lafiya. Kashe abin nan ka kwanta, don girman Allah!" A nan ne ya kamata in zare waya. Hannuna har ya kai. Sai na tuna rundunata a ƙofar birni, da watannin da na yi ina tara ta. Na kashe talabijin kawai na juya fuskarta bango, na ciccibi marigayi da igiyoyinsa na kwantar da shi a gefen cinyata, na ja bargon aurenmu na lulluɓe mu tare har wuya.

Suka yi sallama suka shigo. Dattawa suka cika ɗaki, matasa suka tsaya a tsakar gida da fartanyoyi a kafaɗa, ƙafafunsu duk taɓo, taɓon da ya kamata a ce yana ƙafata. Na amsa gaisuwa da muryar marasa lafiya, idona a rufe, don dama ba a haɗa ido da suruki. Gumi kuwa na gaske nake yi. Baba Atu ya zauna a bakin gado, ya ɗora tafinsa a kan bargo daidai inda marigayi yake kwance, ya janye. "Kai! Wannan zazzaɓi ba na wasa ba ne. Liatu, ƙaro mashi bargo ya yi zufa sosai." Ta kawo na biyu ta shimfiɗa. Daga ƙarƙashi aka ji "ƙirr, ƙirr". Mudi, wanda ya san wannan murya sarai, ya yi gyaran murya ya ce, "Har cikin nashi ma kuka yake, Baba. Allah shi ƙara sauƙi." Ina roƙon Allah ya saka wa Mudi da alheri, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Aka shiga addu'a. Wanda ya san addu'ar Baba Atu ya san ba a yi mata gaggawa. Ya faro daga ni, ya bi ta kan ɗalibaina, ya roƙa wa damina albarka, ya dawo kaina ya gaya wa Ubangiji cewa wannan yaro mai ƙwazo ne, ciwo ne kaɗai zai hana shi fita gonar surukinsa. Da ya ce amin, Mudi da 'yan'uwansa Musulmi suka ɗaga hannu suka yi tasu. Cinyata tana ƙuna kamar an manna mini dutsen guga, na cije ban motsa ba.

Ana shafawa ke nan Sarkin Yaƙi ya gama nazarin da ya fara tun safe. Bai ce "tiit tiit" ba. Wata 'yar busa ya saki mai kama da ta begila, wadda yake yi sau ɗaya tak, idan yaƙi ya ƙare. Ya yi ta har ƙarshe, da ƙarfi, ɗaki ya yi tsit ana saurare. Sai warin ƙonannen roba ya biyo baya, hayaƙi ya fara fitowa ta wajen ƙafafuna. Wani ya yi ihu ya ce wuta. Aka fizge barguna, aka kwara mana ruwan randa ni da shi. Ga ni nan kwance a gaban kowa da wandon gona da takalmin roba, na rungume inji a jiƙe. Jar fitilar ta mutu, ba ta sake kamawa ba.

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Baba Atu ko kallona bai yi ba. Ɗiyarsa ya duba, ya tambaye ta a hankali, "Liatu, wanne ne mai zazzaɓin a cikinsu?" Ta durƙusa a inda take. Ya ɗauki sandarsa. Na diro daga gado zan raka shi, ya ɗaga mini hannu. "Koma ka kwanta, Malam. Marar lafiya ba ya rakiya."

Maharazu ya zo washegari bayan an tashi daga coci, ya buɗe cikinsa, ya sunsuna, ya tabbatar da rai ya yi halinsa. Ya ce zafi ne ya fara, ruwa ya ƙarasa. Na tambaye shi ko akwai yadda za a san abin da ya faru a ƙofar birnin nan, tunda busar nasara da ta faɗuwa iri ɗaya ce, talabijin kuma tana kallon bango. Ya ce marigayi ya tafi da sirrinsa. Ina jin kunyar rubuta cewa na yi wannan tambayar, alhali Liatu tana bayan labule tana ji.

Marigayi ya rasu ya bar 'yar talabijin, wadda ta koma nuna labarai, da akwatin faifai da ba shi da sauran mai yi masa magana, da marayun fayafai a cikin gwangwanin biskit. Ya bar dubban sojoji tsaye a ƙofar wani birni, babu mai sallamar su. Ya bar ni da tabon ƙuna a cinya. Ya kuma bar Liatu, wadda ba ta taɓa danna masa maɓalli ko ɗaya ba, amma ita ta fi kowa biyan kuɗin jinyarsa. A coci yanzu kujerar baya take zama, ta fice kafin a sa albarka don kada su haɗu da mahaifinta a ƙofa. Ta daina zuwa zumuntar mata, saboda kowa ta gamu da ita sai ta ce ya mai jiki. Ba ta yi yaji ba, ba ta zage ni ba. Tana ajiye mini tuwo a rufe kamar kullum, ta koma ɗaki. Na gwammace zagin.

Yankin nan da aka bari a bakin hanya yana nan yadda yake. Matasa sun so su koma su ƙarasa shi, Baba Atu ya hana kowa taɓawa. Bai aiko mini ba, bai ce da kowa komai ba. Sauran gonar fes, dawa ta yi duhu tana sheƙi, shi kuwa ciyawa ta haɗiye shi, duk motar da ta fito daga Funtua sai an nuna wa fasinja. Direbobi sun riga sun raɗa masa suna, gonar mai zazzaɓi.

Za a yi jana'izar marigayi ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Za a ɗauko gawa daga gidana da sassafe a bayan keke, bayan Maharazu ya cire abin da zai amfani rediyoyin jama'a. Za a binne shi a gindin ɗorawar da ke kan iyakar gonar Baba Atu, ta wajen hanya, kuma ni zan haƙa kabarin. Ana gama rufe shi zan shiga yankin nan da fartanya, ba zan fito ba sai ciyawar ta ƙare, ko da za ta kai ni Litinin.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Mai son yin ta'aziyya ya same ni a can. Ya tsaya daga bakin titi ya yi, in dariya ta zo masa kada ya danne ta, na yafe tun yanzu. Ana roƙon jama'a kada kowa ya zo da fartanya, kada a kira makaɗi, kada kuma wanda ya ga na jigata ya ce in huta.

Liatu ta yarda za ta kawo kunu da hantsi. Ta ce mahaifinta yakan zagayo gonar a daidai wannan lokacin, kuma idan ya sake tambayar ta ina mijinta yake, tana so ta nuna masa da yatsa kawai.